Idan aka ɗebi kilo ɗaya na kayan bam ɗin nukiliya, wa zai sani?

Dan_Odita: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai tambayar da ta daɗe tana cina. Duk sanda aka yi maganar makaman nukiliya sai a ce mana kayan haɗa bam, wato tataccen yuraniyum da fulutoniyum, suna killace, an san inda kowane giram yake. Ni aikina binciken lissafi ne, kuma ban taɓa shiga siton da littafinsa ya yi daidai da abin da ke kan kanta ɗari bisa ɗari ba. A duniya akwai tataccen yuraniyum sama da tan 1,000, da fulutoniyum da aka ware sama da tan 500. Ita kuwa hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ma'auninta shi ne kilo 8 na fulutoniyum, ko kilo 25 na yuraniyum mai lamba 235, wato nau'in da ke tashi a cikin bam, ya isa a fara zancen bam guda. Ku buga lissafin da kanku. Kashi ɗaya cikin dubu kawai ya salwanta, maganar bam kusan 100 ake yi. To idan wani ya ɗebi kilo ɗaya yau, wa zai sani, kuma sai yaushe?

Tsohon_Soja: Wa alaikumus salam. Malam Odita, kwantar da hankalinka. Waɗannan wurare ba irin sitocin da ka saba bi da biro ba ne. Shinge ne bayan shinge, ga kyamarori, ga na'urorin jin motsi, ga dakaru na musamman. Akwai ma ƙa'idar da ta hana mutum ya shiga ɗakin ajiya shi kaɗai, dole su zama biyu, kowa yana kallon hannun ɗan'uwansa. Tun 1945 ake da bam. Ka taɓa jin wata ƙungiya ta tayar da na sata?

Dan_Odita: Yallaɓai, na ji zancen shinge. Amma a aikina ban cika ganin kaya sun fita ta saman katanga ba. Ta ƙofa suke fita, a hannun mai makulli.

Malama_Kimiyya: Dan_Odita ya taɓa inda ciwon yake, kuma akwai labarin da ya amsa masa tun 1992. A garin Podolsk, kusa da Mosko, akwai wata cibiyar nukiliya da ake kira Luch. Wani injiniya mai suna Leonid Smirnov yana aiki a sashen da ake auna yuraniyum. Tarayyar Sobiyet ta rushe, tsadar rayuwa ta cinye albashinsa. Ya san cewa a littafin wurin an riga an ware wani ɗan kaso da ake ɗauka zai salwanta a yayin aiki, ba mai bin kadinsa. Sai ya riƙa ɗiban 'yan giram-giram idan abokan aikinsa sun fita hutu, yana kiyayewa kada ya wuce wannan kason. Cikin 'yan watanni ya tara kilo ɗaya da rabi na yuraniyum da aka tace zuwa kashi 90, irin na bam sak. Littafi bai nuna komai ba.

Kama shi ma da aka yi a tashar jirgin ƙasa, ba shi 'yan sanda suka zo nema ba. Wasu da ya sani ne ake zargi da wata satar daban, aka haɗa da shi, aka buɗe jakarsa. Mutumin nan ba ɗan ta'adda ba ne, ko mai saye bai riga ya samu ba. Firiji da murhun girki yake so ya saya.

Hajiya_Bilki: Innalillahi. Firiji fa?

Tsohon_Soja: Malama, wannan ai Rasha ce ta lokacin da gwamnati ta kasa biyan albashi. Ba na musun an yi sakaci a shekarun nan. A 1993 ma wani hafsan sojan ruwa ya shiga ta ɓarakar shinge a Murmansk ya ɗebi man nukiliya na jirgin ƙarƙashin teku. Amma an ɗauki mataki. Tun 1991 wasu sanatocin Amurka biyu, Sam Nunn da Richard Lugar, suka kawo dokar da ta sa Amurka ta zuba biliyoyin daloli a tsoffin ƙasashen Sobiyet: ƙofofin ƙarfe, na'urar da ke kuka idan an wuce da sinadari, kwamfutocin lissafi, har da samar wa masana aikin yi don kada yunwa ta sa su sayar da iliminsu. Kada mu ɗauki labarin 1992 mu yanke wa yau hukunci.

Auwal_Injiniya: Baba Soja, wannan haɗin kan da kake magana ai ya mutu. Bayan rikicin Kirimiya a 2014 Rasha ta ce ba ta buƙatar taimakon Amurka a wuraren nukiliyarta. Taron ƙoli na tsaron nukiliya da Obama ya fara a Washington a 2010, aka yi a Seoul a 2012, a Hague a 2014, na ƙarshe a 2016 Rasha ba ta ma je ba. Tun daga nan shugabanni ba su sake zama a kan wannan batu a irin wannan mataki ba. Ita kuwa na'ura tana tsufa, wani ne zai riƙa gyara ta.

Sarkin_Gardama: Ku dai faɗi gaskiya. Duk wannan zancen tsaro an ƙirƙire shi ne don a danne ƙananan ƙasashe. Masu bam dubu-dubu ba mai leƙa sitonsu, amma mai 'yar tukunyar nukiliya ta bincike kullum sufetoci na kansa. Wa ya taɓa ƙidaya kayan Isra'ila? Wa ya ƙidaya na Amurka?

Malama_Kimiyya: Sarki, rabin maganarka daidai ne, kuma ya fi yadda ka zata muni. Abu biyu ne mutane ke haɗawa. Na farko shi ne sa idon IAEA, wanda aikinsa tabbatar da cewa gwamnatin da ta sa hannu a yarjejeniyar NPT ta hana yaɗuwar makaman nukiliya ba ta karkatar da kayan zaman lafiya zuwa bam ba. Sufetoci suna zuwa su auna, su ɗaura hatimi, su kafa kyamara, su goge ƙura da ɗan ƙyalle su aika ɗakin gwaji na Seibersdorf a Ostiriya. Na biyu shi ne tsare kayan daga ɓarawo, kuma wannan haƙƙin kowace ƙasa ne ita kaɗai. IAEA shawara take bayarwa, ba ta da ikon tilasta wa kowa ya ƙara mai gadi ko ya canza kwaɗo.

Sannan sama da kashi 80 cikin 100 na kayan haɗa bam a duniya suna hannun sojoji ne, a ƙasashen da ke da makaman. Wannan kason babu sufeton waje da ke ganinsa. Amurka, Rasha, China, Birtaniya, Faransa, ba a tilasta musu buɗe na soja. Indiya da Pakistan da Isra'ila ba su shiga NPT ba tun farko, Koriya ta Arewa ta fice a 2003. Inda na saɓa da kai shi ne cewa ƙirƙira aka yi. Rashin adalcin tsarin bai sa kilo ɗaya da rabin Smirnov ya zama ƙarya ba.

Dan_Odita: Malama, ki ɗan tsaya a kan wannan kason da ake yafewa. A wurinmu idan aka ce an yarda da asarar kashi kaza, to a nan ɓarawon gida yake kafa rumfa. Me ya sa ba za a ce sifili ba?

Malama_Kimiyya: Saboda ba zai yiwu ba. Idan kayan dunƙulallu ne, misali kan makami ko sandar man tukunya, ana ƙidaya su ɗaya-ɗaya, kowanne da lambarsa, ko yana nan ko ba ya nan. Matsalar tana wurin da ake sarrafa su suna gari ko ruwa. Ka dubi maƙerin zinariya: ya auna abin da ya karɓa, ya auna abin da ya ƙera, ba za su taɓa yin daidai ba, domin wani ya maƙale a jikin magagari, wani ya bi ƙura. Haka fulutoniyum yake maƙalewa a bututu, a matata, a kusurwar akwatin aiki. Ga shi kuma kowane ma'auni yana da ɗan kuskurensa. Bambancin da ke tsakanin littafi da abin da aka auna, shi ake rubutawa a matsayin kayan da ba a gano inda suke ba.

Misalai suna nan. A 1994 an gano cewa kimanin kilo 70 na fulutoniyum sun maƙale a cikin injinan wata masana'anta a Tokai ta Japan, sai da aka kwance su aka share. A 2005 lissafin masana'antar Sellafield a Ingila ya nuna giɓin kusan kilo 30. A 1996 Amurka da kanta ta wallafa cewa tsakanin abin da littafinta ya ce ta ƙera da abin da ta iya nunawa akwai giɓin tan 2.8 na fulutoniyum. A duk waɗannan hukumomi sun ce kuskuren awo ne da maƙalewa, kuma mai yiwuwa gaskiyarsu ne. Abin da ba za su iya yi ba shi ne su tabbatar maka da hakan da lissafi kaɗai. Sabuwar masana'antar Rokkasho a Japan an tsara ta ne ta ware kusan tan 8 na fulutoniyum a shekara. Kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a nan kilo 80 ne.

Dan_Odita: Ninki goma na ma'aunin IAEA ke nan, a cikin kuskuren da doka ta yarda da shi. Wannan shi ne abin da nake tsoro.

Auwal_Injiniya: Shi ya sa ba a dogara da littafi shi kaɗai. Ana haɗa shi da hatimi da kyamara da na'urar bakin ƙofa, ta yadda ko lissafi bai gani ba, ƙofa za ta gani. Kuma akwai wa'adi: burin IAEA shi ne ta gano ɓatan fulutoniyum ko tataccen yuraniyum da ba a yi amfani da shi ba cikin wata ɗaya, man tukunya da aka gama amfani da shi cikin wata uku, yuraniyum mara tacewa sosai cikin shekara. Amma Malama kin manta da na garin Apollo a jihar Pennsylvania. A 1965 aka gano sama da kilo 90 na tataccen yuraniyum ba sa nan a wata masana'anta mai suna NUMEC. Wasu jami'an leƙen asirin Amurka sun yi zargin Isra'ila aka kai su, ba a taɓa gurfanar da kowa ba, har yau ana jayayya.

Sarkin_Gardama: Kun ji ko? Da a wata ƙasar aka yi wannan da tuni an yi mata ruwan wuta.

Baban_Zahra: Ni abin da ya fi ɗaga min hankali na Libiya ne. A 2023 IAEA ta ce tan biyu da rabi na yuraniyum sun ɓace. Tan fa, ba kilo ba! Bam nawa ke nan?

Auwal_Injiniya: Bam sifili, Baban Zahra. Wannan garin yuraniyum ne ruwan ɗorawa, wanda ake samu bayan an wanke dutsen ma'adini. Ganguna goma ne, kuma an gan su daga baya ba nisa da inda aka ajiye su. Yuraniyum yadda Allah ya halicce shi, kashi 0.7 cikin 100 ne kawai mai lamba 235. Tashar lantarki ta nukiliya tana buƙatar kashi 3 zuwa 5. Daga kashi 20 ake kiransa mai tacewa sosai, na bam kuwa wajen kashi 90 ne. Hawa daga 0.7 zuwa 90 yana buƙatar dubban injinan tacewa masu juyawa, da wutar lantarki, da ƙwararru, da shekaru. Aikin gwamnati ne, ba na 'yan daba ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake tsoron sata: ɓarawo yana tsallake mafi wahalar aikin gaba ɗaya. Bam ɗin da aka jefa a Hiroshima, mai kilo 64 na yuraniyum, ko gwada irinsa ba a yi ba kafin a jefa, don masu ƙera shi sun tabbata zai tashi.

Ummu_Hanan: Ku bari in shigo da wani ɓangare. Ni a sashen gashin ƙwayar cutar daji nake aiki. Muna da littafin sinadarin da ke cikin injinmu, ana sa hannu, ana auna tururin da sinadarin ke fitarwa, mai makulli daban mai littafi daban. Amma a wani wurin da na taɓa aiki akwai tsohon inji da aka daina amfani da shi, aka tura shi wani ɗaki aka kulle, saboda mayar da sinadarin ga kamfanin da ya ƙera shi kuɗi ne masu yawa, kuma ba wanda ya sa su a kasafi. Waɗanda suka san abin da ke cikin ɗakin suna ta yin ritaya ɗaya bayan ɗaya. Ni wannan ya fi ba ni tsoro a kan bam.

Abin da ya faru a Goiânia ta Brazil a 1987 ke nan. Asibiti ya tashi ya bar inji, wasu mutum biyu suka ɓalle kansa suka sayar wa 'yan gwangwan. Aka fasa, aka ga wani gari mai shuɗin haske a cikin duhu, aka riƙa rabawa dangi suna shafawa. Siziyum ne mai lamba 137. Mutum huɗu suka rasu, har da yarinya 'yar shekara shida, kusan 250 suka gurɓata, aka auna mutum sama da 100,000, aka rushe gidaje.

Hajiya_Bilki: Allah ya jiƙan yarinyar nan. To Anti Ummu, da wannan ma ana iya yin bam ɗin?

Ummu_Hanan: A'a Hajiya, siziyum da kobalt ba sa yin bam ɗin nukiliya. Abin da ake tsoro shi ne a haɗa su da nakiya ta yau da kullum don a watsa guba a unguwa, abin da ake kira ƙazamin bam. Ba ya rushe gari, amma yana tashin mutane daga gidajensu, sharewa kuma ta ci dukiya. A 2013 an sace babbar mota ɗauke da kobalt a Meziko, ɓarayin motar suke so, ba su san abin da suka ɗauka ba. A 2023 wani ɗan ƙwanƙon siziyum da bai kai santimita ɗaya ba ya faɗo daga mota a Ostireliya a kan hanya mai tsawon kilomita 1,400, sai da aka baza na'urori kafin a tsinto shi a gefen titi.

Dan_Odita: Na gode Anti Ummu, amma kada zaren ya kuɓuce. Na asibiti yana da tururi mai ƙarfi, shi da kansa yake tona asirin mai ɗauke da shi. Wanda nake tambaya fa?

Kiliya_Mai_Kwantena: Wannan zan iya sa baki. Na yi aikin fiton kaya a tashar jiragen ruwa mai irin waɗannan ƙofofin da ke jin tururi. Kullum cikin kuka suke. Kwantenar tayil ta wuce, kuka. Takin zamani, kuka. Dutsen ado, kuka, domin dukkansu suna da ɗan tururi na halitta. Idan mutum ya buɗe kwantena ɗari bai ga komai ba sai tayil, ta ɗari da ɗaya da ƙyar zai tashi daga kujera. Kuma masu horar da mu sun faɗa mana tataccen yuraniyum tururinsa kaɗan ne ƙwarai, ya fi tayil ɗin wuyar ji. Saboda haka idan kaya suka bar sito, kada wani ya sa rai cewa iyaka ce za ta tare su.

Tsohon_Soja: To kun dawo kan maganata. Tsaro a tushe. Shinge da bindiga.

Auwal_Injiniya: Baba, da girmamawa, bari in ba ka uku a kan shinge da bindiga. A watan Yulin 2012, a cibiyar Y-12 da ke Oak Ridge, inda Amurka ke ajiye mafi yawan tataccen yuraniyum ɗinta, wata sista 'yar cocin Katolika mai shekara 82, Megan Rice, da wasu dattawa biyu suka yanke shingaye cikin dare, suka isa jikin ginin ajiyar, suka yi rubutu a bango, suka tsaya suna jiran a zo a kama su. Bincike ya nuna wasu kyamarorin sun yi watanni a lalace, masu gadi kuma sun saba da ƙararrawar ƙarya, irin abin da Kiliya ya faɗa.

A Nuwamban 2007, a Pelindaba ta Afirka ta Kudu, inda ake ajiye yuraniyum ɗin bama-bamai shida da ƙasar ta kwance, 'yan bindiga huɗu suka ratsa shingen lantarki, suka shiga ɗakin kula da gaggawa, suka harbi ma'aikaci a ƙirji, suka fice. Hukumomi sun ce 'yan fashi ne kawai kuma ba su kusanci ɗakin ajiya ba.

Na uku na sojoji ne. A Agustan 2007 jirgin yaƙin Amurka B-52 ya tashi daga sansanin Minot zuwa Barksdale ɗauke da makamai masu linzami shida da kawunan nukiliya a jiki, matuƙan ba su sani ba, sansanin da suka baro bai san sun fita ba, har tsawon awa 36. Akwai ƙa'idar dubawa a kowane mataki, kowa ya ɗauka na gabansa ya duba.

Tsohon_Soja: Na san na Minot, kuma ka faɗi ƙarshensa: a 2008 an sauke sakataren rundunar sama da babban hafsanta gaba ɗaya. Tsarin da ke hukunta manyansa bai mutu ba. Kuma a duka ukun ko giram ɗaya bai fita hannu ba.

Matashi_Mai_Tambaya: Don Allah gaskiya ne akwai bama-baman da suka ɓace ɗungurungum? Na ga wani bidiyo yana cewa Rasha ta ɓatar da ɗari masu girman akwati.

Malama_Kimiyya: Na akwatin, Janar Alexander Lebed ne ya yi iƙirarin a 1997, gwamnatin Rasha ta musanta, kuma babu ko ɗaya da ya taɓa bayyana. Waɗanda aka tabbatar haɗurra ne. A 1958 jirgin Amurka ya saki bam a ruwa kusa da tsibirin Tybee a jihar Jojiya, ba a same shi ba. A 1966 huɗu suka faɗo a Palomares ta Sifaniya, uku a tudu, na huɗun sai da aka shafe fiye da wata biyu kafin a ciro shi daga teku. Amma bam da ke ƙarƙashin laka a gindin teku ba shi ne abin damuwar ba, ƙasa mai jiragen ruwa ma ta nema ta rasa.

Sarkin_Gardama: Tunda ana maganar ɓata, wa ya ɓatar da lissafin Iran? Kafin Yunin 2025 IAEA ta san Iran tana da sama da kilo 400 da aka tace zuwa kashi 60, sufetoci suna gani suna aunawa. Isra'ila da Amurka suka yi ruwan bama-bamai a wuraren nukiliyarta na Fordo da Natanz da Isfahan, sufetoci suka fice, shugaban IAEA Rafael Grossi ya shafe watanni yana cewa hukumarsa ba ta iya tabbatar da halin da kayan suke ciki. Kayan da ke cikin littafi aka fitar da su daga littafi da sunan tsaro.

Baban_Zahra: Ita ma me ya kai ta kashi 60? Yarjejeniyar nukiliyar da ta sa hannu a 2015 kashi 3.67 ta ce.

Sarkin_Gardama: Wa ya fara ficewa daga yarjejeniyar a 2018, in ba Amurka ba?

Admin_Zaure: Jama'a, na Iran yana da nasa zaren. A koma kan tambayar Dan_Odita.

Hajiya_Bilki: Ni dai tambayata, tunda ƙidayar ba ta cika, tsaron ma ba ya cika, me ya hana a rabu da kayan kawai?

Auwal_Injiniya: Hajiya, wannan ita ce hanyar da ta fi aiki, kuma an bi ta. A Nuwamban 1994 aka kwashe kusan kilo 600 na tataccen yuraniyum daga masana'antar Ulba a Kazakistan zuwa Amurka cikin sirri, kayan da aka tarar a ɗaki mai kwaɗo. Daga 1993 zuwa 2013 Rasha ta surka tan 500 na yuraniyum ɗin bam, kwatankwacin kawunan makamai 20,000, ta mayar da shi man tashar lantarki ta sayar wa Amurka. Tsawon shekarun nan kusan kashi 10 na wutar Amurka daga nan take. Ƙananan tukwanen bincike ma an sauya musu mai: Ghana ta mayar wa China nata a 2017, Najeriya a 2018. A ƙidayar 2023 ƙasashe 22 ne suka rage da kilo ɗaya ko fiye na irin waɗannan kaya, alhali a da sun haura 50.

Yuraniyum yana da sauƙi, domin idan ka surka shi da mara tacewa ya tashi daga kayan bam. Fulutoniyum ne ƙarfen ƙafa. Mai lamba 239 sai ya shekara 24,000 kafin rabinsa ya lalace. Amurka da Rasha sun yi yarjejeniya a 2000 kowacce za ta kawar da tan 34, Rasha ta dakatar a 2016. Birtaniya tana zaune da kusan tan 140 a Sellafield, na farar hula ma ba na soja ba.

Dan_Odita: To bari in sake jefa tambayar ta wata fuska. Waɗanda aka kama da kaya a hannu, kafin a kama su, akwai cibiyar da ta ce kayanta sun ɓata?

Malama_Kimiyya: A mafi yawansu babu. Rumbun bayanan IAEA na fasa-ƙwauri ya tara rahoto sama da 4,000 tun daga 1993, amma galibi na asibiti ne da na masana'antu. Waɗanda suka shafi kayan bam na gaske kusan 20 ne. A Agustan 1994 an kama giram 363 na fulutoniyum a filin jirgin Munich, a jirgin da ya taso daga Mosko. A Disambar shekarar an kama kilo 2.7 na tataccen yuraniyum a cikin mota a Prague. A 2006 a ƙasar Jojiya an kama wani ɗan Rasha, Oleg Khintsagov, da kusan giram 100 a cikin leda a aljihunsa. A 2011 an kama 'yan giram a Moldova. Kusan duk tarko ne 'yan sanda suka ɗana, suka yi shigar masu saye. Bayan kamu ne ake kai kayan ɗakin gwaji a duba ƙirarsu da shekarunsu don a gano inda suka fito, kuma wannan ma sai ƙasar da ake zargi ta yarda ta buɗe bayananta. A na 2006 Rasha ta tabbatar da cewa kayan na matakin bam ne, amma ta ce samfurin ya yi ƙanƙanta a gane asalinsa.

Tsohon_Soja: Ku haɗa duk abin da aka kama a shekara 30, bai kai bam guda cikakke a hannun mutum ɗaya ba. Kuma ku lura, masu sayen kusan duk 'yan sanda ne. Wannan yana nuna kasuwar ta masu sayarwa ce da ba su da abokan ciniki.

Auwal_Injiniya: Masu nema suna nan, Baba. Wani tsohon ɗan Al-Ƙa'ida ya shaida wa kotu a New York a 2001 cewa ƙungiyar ta nemi sayen yuraniyum a Sudan a farkon shekarun 1990. A 2015 'yan sandan Beljiyam sun samu bidiyon da wasu masu alaƙa da harin Paris suka ɗauka na gidan wani babban jami'in nukiliya. Abin da muka sani shi ne waɗanda suka faɗa tarko. Wanda ya haɗu da mai saye na gaske ba ya shiga rumbun bayanai.

Kiliya_Mai_Kwantena: Shi Khintsagov ɗin ai ya ce yana da ƙarin kilo biyu ko uku a gida. Amma kowane dillali haka yake cewa, Malama. Idan ya nuna miki samfur, sauran kullum suna hanya.

Malama_Kimiyya: Mai yiwuwa cika baki ne. Sai dai giram ɗin da ke aljihunsa na gaske ne, daga wata cibiya suka fito, kuma babu wadda ta fito ta ce nata ne.

Tsohon_Soja: Ko kuma ta sani ta yi shiru. Babu rundunar da za ta yi shelar cewa an shiga rumbunta. Rashin sanarwa daban, rashin sani daban.

Dan_Odita: Wannan kam na gani da idona, Yallaɓai. Manaja ya gano giɓi, ya rufe shi da asarar shekara mai zuwa don kada a ce a zamaninsa aka yi. Malama, a irin wannan lissafin wa ke sa hannu a kan adadin da aka ce ya maƙale a bututu? Wanda ke tafiyar da injin ne, ko wani daban?

Malama_Kimiyya: Masana'antar ce ke bayar da adadin. A ƙasar da ke ƙarƙashin sa ido, sufeton IAEA yana zuwa da na'urarsa ya auna da kansa ya kwatanta, a Turai ma akwai sufetocin Euratom, hukumar nukiliya ta Tarayyar Turai. A wurin soja kuwa, wani ofishi ne na gwamnatin da ta mallaki kayan yake duba na ɗan'uwansa.

Sarkin_Gardama: Wato dai abin da na faɗa tun da safe, Admin ya ce na fita daga zare.